Dillalin Shanu Ya Sha Takunkumi

A gidan mai mata biyu, rigimar da aka sani ita ce ta rabon kwana. A nawa gidan, nan Tozai, abin ya zo a birkice. Wata safiya uwargida ta ajiye mini kunu, ta durƙusa da wani ladabi da na daɗe ban gani ba, ta ce, "Mallam, na yi shawara, na bar ma ƙanwata kwanana na watan ga, saboda Allah." Ban gama jin daɗin wannan zumunci ba sai ga amarya, ita ma ta durƙusa. Wai ita ba ta isa ta ci hakkin Yaya ba, hasali ma nata kwanan take so a ƙara wa Yaya. Na zauna ina kallon mata biyu suna tura wa juna ni, kamar tsohuwar takardar dubu a farkon 2023.

Da na kai labarin majalisa, ina bugun ƙirji cewa na iya riƙon gida, taubashina ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Kai dai ba ka da wayo. Hansarinka suka gudu. Lokacin da anka rufe boda a 2019, shinkafa ta tsaya, mai ya tsaya, hansarinka kaɗai ka ƙetarawa Ƙonni ba takarda."

Ni ban taɓa jin kaina ina minshari ba, don haka na ɗauke shi ƙazafi. Abin da na sani shi ne ina tashi da ciwon kai, baki a bushe, ina zagayawa sau huɗu kafin asuba, ga hawan jini da ya ƙi jin magani. Da rana kuwa duk inda na jingina, na tafi. Na ɗora wa tsufa, na ɗora wa tuwon dare.

Abin da ya kai ni asibiti asara ce, ba nasiha ba. Tun da na bar koyarwa a firamare nake dillanci a karar Illela, ranar Lahadi. Wani baƙona daga Abalak ya damƙa mini jan bijimi, irin wanda mutum zai tsaya kallo ko ba shi da ko sisi. Mai saye, wani da ke lodin tirela zuwa Legas, ya yi tayin raini, irin na buɗe baki. Kowane yaro a kara ya san amsar: albarka. Ni kuwa ina zaune kan benci, rana ta yi tsaka, kaina ya yi ƙasa, ya ɗago, ya sake yin ƙasa. Mutumin ya ce, "Alhaji ya sallama," shaidu suka ce sun gani da idonsu, har sau biyu. Na farka ana jan igiya. La'adar mako shida na zuba kafin na cike wa baƙona gibin, kuma har yau idan ya kawo dabba sai ya zauna kusa da ni da 'yar tsinke a hannu.

Babban ɗana ya ɗauke ni zuwa Sakkwato. An ce mun bi ta Gwadabawa da Kware. An ce.

Likitan da aka kai ni wurinsa Bayarabe ne, ni kuwa kakana daga Sabon Birni ya taso, kuma zanen Gobir na nan a fuskata, shida a wannan kunci, bakwai a wancan. Yana ɗaga kai ya ce, "Alhamdulillahi, yau bawana ya kawo kansa." Na ce ai ubangida ne ya zo duba yaronsa ko yana aiki. Muka gama wannan, ya ɗauko tef irin na tela ya auna wuyana: inci 18. Ya ce namiji in ya wuce 17 sukan fara zarginsa. Ya leƙa maƙogwarona da tocila. Na gaya masa wanzami ya cire mini beli tun ina jariri, don haka hanya a share take. Ya ce ba beli ne kaɗai a ciki ba.

Aka kwantar da ni dare ɗaya da wayoyi, ɗaya a yatsa, ɗaya a hanci, ɗamara a ƙirji. Bayanin da ya yi mini washegari shi ne: idan barci ya yi nauyi, harshe da tsokar maƙogwaro sukan saki, su faɗa baya su toshe hanyar iska. Minshari ƙarar iska ce tana kutsawa ta ƙuntatacciyar hanya. Idan hanyar ta rufe ruf, sai a ji shiru, daƙiƙa 10 ko fiye, har ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe ka ka ja numfashi, ka koma ba ka san an yi ba. Ana ƙirga sau nawa hakan ke faruwa cikin awa guda: daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. Nawa 41. Tun da nake, ban taɓa cin maki mai yawa haka a jarrabawar da na rubuta ina barci ba. Uwargida, da muka tafi tare, ta ce, "Likita, ni ba ƙarar ka ba ni tsoro ba. Shirun nan na tsakani, shi ka hana mini kwana. Ina zaune ina jiran shi dawo."

Magani wata 'yar na'ura ce da likitoci ke kira CPAP, mu kuwa a gida sipap. Ba iskar asibiti ta cikin tukunya take bayarwa ba, iskar ɗaki ce take turawa ta tiyo da ɗan ƙarfi, ta riƙe maƙogwaro a buɗe kamar yadda iskar mai faci ke hana tayar babur lanƙwashewa. Wani likita ne a birnin Sidni na Ostireliya, Colin Sullivan, ya fara gwada ta a kan mutum a 1980, ya wallafa sakamakon mutum biyar a 1981. A wancan zamani manna abin ake yi a hanci da wani irin danƙo kowane dare. Kuma bincikensa na numfashi cikin barci da karnuka ya soma. Wannan likitana ya nanata mini shi sau biyu, yana murmushi.

Ɗana ya biya kuɗin na'urar, kuɗin da zai sayi ɗan maraƙi mai kyau. Saura abin da ake ɗaurawa a fuska, wanda tun zamanin korona kowa ke ce wa takunkumi. Shekara nawa ina sa wa maruƙa takunkumi kada su tsotse uwa, ina zura wa takarkari igiya a hanci, ban taɓa tambayar ɗayansu ko ya yi masa daidai ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Yaron shagon da muka sayi na'urar a Sakkwato ya jera mini iri uku. Akwai babba mai rufe hanci da baki. Akwai matsakaici mai rufe hanci kawai. Sai wani ɗan mitsitsi, 'yan robobi biyu masu laushi kamar kan nonon akuya, da ke zama a bakin ƙofofin hanci. Ya ɗauko wani kati mai ramuka ya ce, "Baba, bari in auna hancinka." Ni? Mutumin da ke hango sa daga nesa ya faɗi kuɗinsa, kuskure bai wuce na goro ba? Na ture katin. Na nuna babban, mafi tsada, lamba mafi girma, mai kama da na matuƙin jirgin yaƙi. Na gwada shi a zaune, na dubi madubi, na ga kwarjini.

Daren farko na gane cewa roba da gemu ba sa ga maciji. Iska ta sami hanya ta cikin gashi, tana fita da wani fito kamar butar shayi ta tafasa, wata kuma tana hurowa sama cikin idona. Na yi abin da na iya: na ja maɗauran kamar mai ɗaure mangala a bayan jaki. Fiton ya koma wata ƙara da ba ta dace da dattijo ba. Na ƙara ja. Da safe jikata ta tsaya gabana tana ƙirga da yatsa, ta ruga tana cewa, "Inna, zanen Kaka ya ƙaru, yanzu takwas da tara!" A karan hancina kuwa gyambo ya buɗe, na ce wa 'yan majalisa tabarau ne.

Sai na lura da wasu 'yan ƙananan huji a gaban takunkumin, iska na fita ta nan ba tsayawa. Na ce to, ga ɓarakar, an sayar mini da mai huda. Na sa salatif na liƙe su tsaf, ina yaba wa kaina. Na tashi tsakar dare kai kamar zai tsage. Da na buga wa likita waya ina ƙorafi, wasan Gobir da Yarbawa ya tsaya cak. Ya ce ta waɗannan hujin ne iskar da na fitar take ficewa, in na toshe su ita zan yi ta maimaita shaƙa, kuma mutum na iya halaka kansa haka. Ya ce robar kuma da iskar na'urar take kumbura ta kama fata, in an matse ta sai ta murƙushe ta yi yoyo. Wato duk jan da nake yi, ni nake buɗe wa iskar ƙofa.

Akwai kuma abin da ban gaya masa ba sai da ya tambaya. Wani kason iskar ba huhu take zuwa ba, ciki take sauka. Nakan tashi kamar salka. Mako guda ina alwala sau uku kafin a tayar da sallar asuba, na bar sahun farko da na riƙe shekara ashirin na koma kusa da ƙofa. Liman ya ɗauka tawali'u ne.

Aka ce in aske gemu. Na ce a kawo wata maganar.

Na aika aka sayo matsakaicin, mai rufe hanci kawai, har yanzu ba awo. Gemu ya tsira, amma da barci ya ɗauke ni sai baki ya wangame, iska ta shiga ta hanci ta fice ta baki, ga hunturu ya kankama. Nakan farka harshena kamar kilishi. Na'urar tana da ɗan tankin ruwa mai jiƙa iskar, amma idan na kunna shi yakan shanye batirin sola kafin ƙarfe uku, ruwan rijiyarmu kuma ya bar masa farin ɓawo kamar kanwa. Likita ya ce akwai maɗaurin haɓa da ake sayarwa, mai riƙe baki a rufe. Na ce in ba da kuɗi don a ɗaure mini baki? Ina da tsohon farin rawani.

Na yage shi, na zagayo ta ƙarƙashin haɓa, na ƙulle a tsakar ka. Sanyi ake yi, na ja farin mayafi har wuya, na miƙe rigingine, hannuwa a gefe. Kuma a karon farko cikin shekaru, na yi barci shiru.

Amarya ce da kwana, bayan an sha fama da ita. Ta shigo da tocila ta haska. Ga mutum a miƙe cikin fari, an ɗaure masa haɓa, ba motsi, ba hansari. Ba ta tsaya duba tiyo ba. Salatin da ta saka, na tabbata shi ma ya ƙetara Ƙonni. Uwargida ta fito tana kuka, tana cewa dama ta san shirun nan wata rana ba zai dawo ba. Maƙwabta suka cika tsakar gida, wani ya tafi kiran liman, wani har ya fara tambayar wa ke da mabuɗin ɗakin makara. Hayaniya ta tashe ni. Na yunƙura na zauna cikin sange, tiyo na reto daga fuskata kamar hancin giwa, na buɗe baki in tambayi lafiya, iskar na'ura ta fito ta bakin da wani irin gurnani.

Ban san tsofaffin unguwarmu na da sauran gudu haka ba. Da gari ya waye mun tsinci takalma bakwai, babu guda biyu masu kama da juna. Ɗaya na taubashina ne. Da ya zo karɓa ya ce shi ba abin da ya fi ƙona masa rai irin dubu goma sha biyar da nake binsa, don har ya riga ya yafe wa kansa.

Ranar Litinin na koma shagon nan na Sakkwato, na zauna, na miƙa hanci. Yaron bai ce komai ba, Allah ya yi masa albarka, ya ɗora katin. Ya ce mai gemu da gashin baki irin nawa, 'yan robobin nan biyu ne suka fi zama masa, don ba ruwansu da gashi. Ya sa na kwanta kan benci, ya kunna na'ura, ya ce in juya dama, in juya hagu, saboda fuskar mutum a kwance ba ita ce fuskarsa a zaune ba. Lamba ta farko ta yi yoyo, ta biyu ta zauna daram. Ya sassauta maɗaurin har yatsa na shiga. Ya nuna mini maɓallin da ke sa iskar ta fara a hankali ta riƙa ƙaruwa bayan barci ya zo. Ya ce in wanke robar kullum da sabulu marar ƙarfi, kada in shafa mai a fuska in zan kwanta, in riƙa sa takunkumin da rana ina jin rediyo har hanci ya saba. Na sayi maɗaurin haɓa na gaskiya. Na zaɓi baƙi.

Takunkumin nan shi ne mafi ƙanƙanta a shagon, kuma da na dubi madubi, ba matuƙin jirgi na gani ba. Takarkari na gani, da igiyarsa a hanci.

Yanzu na'urar kan nuna mini awa shida, wani lokaci bakwai, 41 ɗin nan ta sauko ƙasa da 5. Na koma sahun farko. Uwargida ta janye kyautar kwananta, har tana neman a biya ta bashin watannin baya, amarya ta ce ba ta san zancen ba, gida ya koma rigimarsa irin ta kowa. Maƙwabcina na gabas ne kawai ke ƙorafi: an sace masa akuya, ya ce da can ɓarayi na ɗauka akwai mai gadi.

Abu guda ya rage. Uwargida har yau ba ta yarda da shirun ba. Can tsakar dare sai in ji iska ta ɗauke, in zabura ina lalube. Sai in gan ta zaune, ta lanƙwashe tiyo a hannu tana dubana. In na motsa ta sake shi, ta ce, "To, madalla," ta juya ta ja mayafi.