Masu Gyaran Tsohuwar Jif a Ƙofar Gida

Tsofaffin motocin daji an ƙera su ne domin mutumin da motarsa za ta lalace a inda babu gareji. Land Rover ta fito a 1948, samfurinta na uku da har yau ake gani a ƙauyuka an yi ta ƙera shi daga 1971 zuwa 1985. Land Cruiser samfurin 40 ta yi zamaninta daga 1960 zuwa 1984, samfurin 70 ya gaje ta, Hilux kuwa tun 1968 take kan hanya. Tun 1996 duk motar da za a sayar a Amurka sai da ramin da ake jona kwamfuta ta faɗi ciwonta, amma waɗannan tsofaffin ba su san wannan zance ba. Na'urar binciken da suke da ita kaɗai ita ce kan mai su, shi ya sa da zarar an ɗaga bonet halinsa ke fitowa fili. Injin fetur abu huɗu yake nema, mai da iska da wuta da matsi, kowanne a lokacinsa. Na gas ko wutar ma ba ya nema, zafin matsi ke kunna shi. A ganina yawancin motocin da ke kan duwatsu a ƙofar gidaje ba tsufa ya kwantar da su ba. Masu su ne suka fara magani kafin su tambayi wanne cikin huɗun ya ɓace, kuma kowane da irin hanyar da yake bi ya tsallake tambayar.

Na farko shi ne Alhaji Canja-canja. Mota ta ƙi tashi da safe, kafin azahar ya isa Ƙofar Ruwa, ko Panteka in a Kaduna yake, ya dawo da fulogi da kwayil da famfon mai. Washegari ya ƙaro sabon batir. Alhali abin da ke damun motar farin garin nan ne da ya taru a kan batir, ko wayar da ke haɗa injin da jikin mota ta saki. 'Yar mitar awon wuta da ba ta kai kuɗin kwayil ba za ta nuna masa cewa lafiyayyen batir yana ba da kusan bolt 12.6 a kashe, ya hau wajen 14 in injin na aiki. Zai ce ai kayan sun tsufa, ko ba yau ba sai an canja su. Amma wanda ya canja abu biyar a tare, ko motar ta tashi bai san wanne ya warkar da ita ba, in ciwon ya dawo sai ya sake sayen biyar ɗin. In kuma aka yi rashin sa'a ɗaya cikin sababbin jabu ne, ya cire kwayil ɗin kamfani da ya shekara talatin yana aiki ya sa mata ciwo na biyu da kuɗinsa.

Maƙwabcinsa Malam Kafireta bai cika kashe kuɗi ba, shi dai mai laifi ɗaya ya sani. Mota na fizga, kafireta ce. Tana shan mai, kafireta ce. Ko ƙofa ce ta ƙi rufuwa sai ya ɗan harari kafireta. Yana murɗa sukurorinta dama da hagu har ya manta inda suke tun asali. Abin da bai yarda da shi ba shi ne ciwon wuta yakan yi kama da ciwon mai. A injin Land Rover mai lita biyu da kwata, tazarar bakin kwantak a cikin distirbuta ba ta wuce milimita 0.35 zuwa 0.40 ba, tana ƙanƙancewa motar za ta fara tari. Murfin distirbuta mai tsaga yakan yi lafiya lau da rani, ya ƙi aiki da damina. Wayoyin fulogi kuma suna da jeri, 1-3-4-2 a mai silinda huɗu, wanda ya cire su gaba ɗaya don ya goge ya mayar da su yadda ransa ya so zai ji harbi a salansa, ya kuma koma kan kafireta. Ɗan'uwansa a ɓangaren gas famfon nozul yake tuhuma, alhali sau da yawa iska ce ta shiga layin mai ko matata ta toshe, abin da canja matata da fitar da iska ke magancewa. Famfon nan sai a kan na'ura ake saita shi, kuma feshin nozul na iya huda fatar wanda ya tara hannu don ya gani ko yana feshi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Mai Cire-cire, domin shi da hujja yake zuwa. Mota na ɗaukar zafi, sai ya zare tamostat ya jefar, ya ce Turawa sun sa shi ne saboda ƙanƙarar ƙasarsu. Maganar tana da daɗin ji a watan Afrilu a Sakkwato. Sai dai tamostat yana buɗewa da zarar ruwa ya kai digiri tamanin da wani abu, daga nan ba ya tare komai, don haka lafiyayyensa ba ya sa mota zafi. Masu sa ta zafi su ne lagireta da laka ta toshe ta waje ko gishirin ruwan rijiya ya toshe ta ciki, da fanbel da ya saki, da murfin lagireta da ya daina riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Cire tamostat bai taɓa ko ɗaya cikinsu ba. Abin da ya ƙara shi ne injin da zai daɗe bai yi ɗumi ba da sanyin hunturu, yana shan mai yana cin kansa. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a jefa shi a tukunyar ruwan zafi a gani ko zai buɗe, in ya ƙi a sa wani. Mutumin nan ne dai ke cire matatar iska wai don mota ta yi numfashi, a ƙasar da ƙura ke rufe rana. Bayan 'yan watanni yashi ya goge silinda, shuɗin hayaƙi ya fara fita, ya ce dama injin ya tsufa. Matatar tsohuwar Land Rover kuwa mai kwanon baƙin mai ce, wanki kawai take so da sabon mai.

Sarkin Kunne ba shi da mota, majalisa gare shi. Zai tsaya hannu a baya, ya ce a taka totur, ya lumshe ido, ya yanke hukuncin da bai taɓa canjawa ba: a sauke injin. Za a ce ai tsofaffin makanikai da kunne suke gane ciwo, kuma gaskiya ne. Amma kunnensu ya samu ne daga ɗaruruwan injinan da suka ji sannan suka buɗe suka ga ko sun canka, kuma nagari cikinsu yana tabbatarwa kafin ya kwance. Hayaƙi shaida ne: shuɗi baƙin mai ke ƙonewa, baƙi mai ya fi iska yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi yakan nuna ruwa na shiga silinda. In ruwa na raguwa, kumfa na tasowa a bakin lagireta, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, gasket ne. A injin fetur, in awon matsi ya nuna silinda ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin baƙin mai ta ramin fulogi a sake awo, in ya hau ringi ne, in bai motsa ba a duba bawul. Wanda ya bi Sarkin Kunne ba tare da wannan ba yakan zama Mai Kwancewa, wanda notunan injinsa ke cikin gwangwanin madara shekara biyu, kaji na ƙwai a kujerar direba.

Akwai kuma ɗan zamani da ya kalli bidiyon gyaran wani injin dabam a YouTube, da wanda ya tabbata bakin mutane ne ya kama motar tun ranar da ya sayo ta. Waɗannan a bar su da Allah.

Mai Roba-da-waya ne kaɗai ke da kariya mai ƙarfi. Direban da tiyo ya fashe masa tsakanin Agadas da Dirku, ya ɗaure shi da robar tsohon tub ya kai fasinjoji ga ruwa, ba abin dariya ba ne, gwani ne. Laifin yana farawa ne ranar da ya iso gida ya bar robar a wurin har shekara ta zagayo, ya maye gurbin fis da waya mai kauri har wata rana wutar ta cinye motar, ya riƙa tara tsumma mai fetur a bakin iskar injin gas maimakon ya canja hita. Shi ne kuma in mota ta mutu a tsakiyar rafi zai yi ta ba ta ki. Ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga silinda sandar fistin ce ke lanƙwashewa, alhali cire fulogi ko hita a juya injin ruwan ya fita ya isa ya ceci injin.

Mai hankalin cikinsu ba ya tara 'yan kallo. Yana tambayar me aka taɓa na ƙarshe, ya fara da abin da duba shi kyauta ne, ya canja abu ɗaya ya gwada, ya rubuta kilomitar da ya sa bel ɗin tamin, domin injin 1HZ na Land Cruiser, duk da ƙarfinsa na lita 4.2, bel ne ke juya masa bawul, in ya tsinke fistin da bawul za su haɗu. Mai cewa a kai wa makaniki a huta yana da gaskiya a kan famfon nozul da aikin cikin injin. Amma ko can ɗin, wanda ya je yana cewa akwai wuta a fulogi amma mai ba ya isowa ya fi wanda ya je da injin a buhu samun sauƙin kuɗi. Mai karatu, in taka ta ƙi tashi gobe da safe, ka fara goge kan batir kafin ka kira majalisa.