Mun Ga Ɗan, Uban Fa?

Mu dai a unguwar nan ba ma rasa sunan da za mu laƙaba wa mutum. Wanda ba ya zaman majalisa miskili ne. Wanda ba ya haɗa ido da mutane, in mace ce mu ce kunya, har mu yaba wa iyayenta; in namiji ne mu ce girman kai. Wanda ya shekara ashirin yana bin lungu ɗaya zuwa masallaci, yana tsayawa gurbi ɗaya a sahu, ranar da aka riga shi wurin kuwa ransa a ɓace har la'asar, sai mu ce ai wane murɗaɗɗe ne, a rabu da shi.

Abin da ya tado zancen shi ne maƙwabcinmu mai gyaran keken ɗinki. Ƙaramin ɗansa ya kai shekara biyar magana ba ta zauna ba, in aka tada janareta sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado, murafen kwalba kuwa zai yini yana jera su. Da suka kai shi asibiti likita ta ce galahanga ce, wato autism, bayan ta jero musu tambayoyi. Yana son a rungume shi? Yana yarda a sauya masa abinci? Hayaniyar biki tana firgita shi? A adaidaita sahu, suna dawowa, uwargidan ta ce, "Malam, wallahi rabin tambayoyin nan kai aka yi wa." Bai musa ba. Yanzu yana tunanin komawa a duba shi, shi kansa, yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai.

Ai kuwa majalisa ta ɗauka. Wannan ya ce, "Haba Malam, da gemunka da iyalinka?" Wancan ya ce mai galahanga ba ya aure, ba ya riƙe sana'a. Wani dattijo ya ce, "Yaro, kada ka kai kanka inda za a rubuta maka hauka, kana da 'ya'ya mata da za ka aurar." Wannan maganar ta ƙarshe ita ce mai nauyi, don tsoron gaskiya ne, kuma mu ne muke sa shi.

Sai dai galahanga ba hauka ba ce, kuma ba ta da fuska ɗaya. Akwai wanda zai buƙaci mai kula da shi har tsufa, akwai wanda zai yi digiri ya tara iyali, yana fama a ciki ba wanda ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Yaran nan ba ɓacewa suke in sun girma ba. Suna nan a kasuwa, a ofis, a sahun gaba.

Mu kuwa in yaro ya zo da lalura, uwa muke fara duba. Ta yi wanka da magariba tana da ciki, ta watsa ruwan zafi ba bisimilla, ta bari an yi masa allurar rigakafi. Dangin miji su ɗaga hanci su ce, "Mu dai a danginmu babu wannan." Ba mu kaɗai ba ne: a Amurka ma likitoci sun shafe shekaru suna cewa rashin ɗumin uwa ne ke jawo galahanga, kafin a watsar da zancen. Batun rigakafi kuwa, mujallar da ta buga binciken da ya danganta shi da galahanga a 1998 ita da kanta ta janye shi a 2010. Abin da nazarin tagwaye ya nuna shi ne gado yana da kaso mafi girma, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Tun 1943, da likita Leo Kanner ya fara bayyana yara 11 masu wannan hali, ya lura wasu iyayen ma ba masu son cuɗanya ba ne. Ba laifin kowa a ciki, kamar yadda ba a tuhumar wanda ya gadar wa ɗansa tsawo.

To shi maƙwabcin namu, me zai ƙaru da shi a waɗannan shekarun? Tambaya ce mai kyau, don babu ƙwayar da za a ba shi, ba kuma gwajin jini ake yi ba. Zama ne da likitan ƙwaƙwalwa, a bi tarihinsa tun yarinta, shi ya sa ake so a ji ta bakin wanda ya raine shi. Da ya tambayi Hajiyarsa cewa ta yi, "Kai ma ai ba ka yi magana da wuri ba, rubutu muka yi ta ba ka." Likitocin ba su da yawa a ƙasar nan, masu duba manya kan wannan lalura sun fi ƙaranci, sai an dangana da irin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna ko Kware ko Maiduguri, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa. Ana iya dubawa ma a ce ba ita ba ce.

Amma ni ina ganin tafiyar tana da amfani. Mutumin nan ya rayu yana jin an ce ba shi da kirki don ya gudu daga taron suna, alhali hayaniyar ce take gigita shi. Matarsa ta sha kuka tana zaton shirunsa ƙiyayya ce. In suka san dalili, zaman gidan zai sauƙaƙa. Yaron kuma ya samu uban da ya san abin da ƙarar janareta take yi wa kunne, wanda ba zai ɗauko bulala don an ƙi cin miyar da ba a saba ba. Addu'a muna yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Don haka 'yan majalisa, in ya sa ranar tafiya, a daina yi masa dariya. Wani ya tsare masa shago, wani ya raka shi tasha. Ku kuma dangin miji, ku sassauta wa matar nan haka.