Ranar Ɗage Kafet

Idan kana son sanin halin mutanen gida, bari a ce za a sake kafet ɗin falo ana saura mako biyu Sallah.

Wanda zai fara magana shi ne Alhaji Da-Sauransa. Kafet ɗin tun na kayan ɗakin Hajiya ne, ya sha ƙurar hunturu har ba mai tuna asalin launinsa. Amma da an taɓo zancen sai ya sunkuya ya shafa, ya ce, "Haba Hajiya, ɗan Turkiyya ne fa, yanzu ina ake samun irinsa?" Inda dutsen guga ya ƙona, ya jawo kujera ya rufe. Inda manja ya zube, ya ɗora teburi. A falonsa ba don zama ake jera kujeru ba, don rufin asiri ne.

Idan an samu ya yarda, sai ƙaninsa Mai-Awon-Ido ya karɓi aikin. Shi tef raini ne a wurinsa. Ya taka ɗakin sau biyu, ya wuce kasuwar Sabon Gari, a yanko masa yadin da ya faɗa. A zo shimfiɗawa, a tarar da taƙi guda na siminti yana leƙe a jikin bango. Ko magini ne ya karkace ɗakin, ko mai shago ya ci amana; shi dai ƙafarsa ba ta ƙarya.

Yara kuwa ranar ganima ce. Ana ɗage tsohon, kyankyasai na neman mafaka, su suna wawar kwandala, da Murtala ta takarda wadda aka daina bugawa tun da ta leda ta fito a 2007, da ɗan kunne wari guda da aka taɓa sallamar 'yar aiki a kansa. Nan Hajiya kan tuna ta bar tukunya a wuta.

Kaka ba ta yarda a zubar ba, ko ɗan jari-bola ya tsaya a ƙofa. Ta sa a kawo reza: wannan na bakin ƙofa, wannan na madafa, wannan na akurki, ragowar a aika ƙauye. Kafet bai bar gida ba, hayayyafa ya yi.

Akwai kuma maƙwabcin da ba ya zuwa sai gam ya bushe. Ya tambayi farashi, ya riƙe haɓa, ya ce, "Da kun sani kun sa tayil." Ɗakinsa leda ce, ita ma a yage.

Hajiyar ce dai abin tausayi. Shekara biyar tana naci, yanzu ta samu, barci ya ƙaurace mata. Ba a cin tuwo a falo, ba a shan shayi, mai rarrafe sai a goye. Ran Sallah da baƙi suka fara sallama da 'ya'yansu, ta aika wurin Kaka a aro guntayen nan a shimfiɗa a kai.