Maganin Nawar Kwamfuta

Idan kwamfuta ta fara nawa a Mairuwa, maganin da aka sani ɗaya ne: a sauya mata Linux. Yau Ubuntu, gobe Mint, jibi Fedora. Ita kuwa baiwar Allah tana nan da RAM giga 2 da tsohon faifai mai juyawa. Sai ka je Funtua ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Za a ce ai Ubuntu ne mai nauyi. Gaskiya ne, fuskar GNOME da Ubuntu ke zuwa da ita ta fi fuskar Xfce cin RAM. To, ƙurar hunturun da ta toshe fankar fa? Na'ura in ta ji zafi, da kanta take rage gudu. Gyaran nan burushi kawai yake so, ba ya cin data ko kobo. Shi ya sa ba wanda ya yarda da shi.