Amanar Murjani

Da abokina zai bar Jidda ya tafi hutu gida, sai ya damƙa mini makulli da amanar wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri. Na leƙa na ga furanni da duwatsu kala-kala, na ce ai wannan ko yaro ya iya. Ya ce, "Mutumina, dabbobi ne fa. Murjani ke nan."

Ya miƙo takardar dokoki. Gishiri giram 35 a kowace lita, kuma ba na miya ba. Zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26, in ya haura sai su koɗe su yi fari fat. Fitila kullum, domin wasu mitsi-mitsin tsirrai da ke cikin jikinsu ne ke haɗa musu abinci da haske. In ruwa ya ragu, tataccen ruwan daɗi ake ƙarawa, don gishiri ba ya bin tururi. Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba.

Masu laushin jiki ba su da rigima. Akwai Xenia, mai wuni tana buɗe hannu tana rufewa kamar mai bara a bakin kasuwa. Akwai zoanthid, wanda aka ce kada in taɓa sai da safar hannu, don wasu danginsa na ɗauke da dafin da kan kai mutum asibiti. Shagwaɓaɓɓiyar gidan kuwa ita ce Acropora mai rassa, abu kaɗan ta yi fushi.

Wata rana na ga wani mai dogayen yatsu, Torch, zaune can gefe shi kaɗai. Tausayi ya kama ni, na ce zaman kaɗaici ba daɗi, na matsar da shi kusa da Acropora su yi zumunci. Ashe bawan Allah ɗan daba ne. Dare na yi ya zuro yatsu masu harbi ya yi ta zabga mata. Da gari ya waye, gefenta ɗaya ya zama farin ƙashi, shi kuwa yana ta rangaji abinsa.

Na buga waya na ce an yi faɗa a gidan. Abokina ya yi shiru, can ya ce, "Wa ya haɗa su?" Na ce layin ba kyau.

Har yau ina nan a kan bakana: ni sulhu na je yi, kuma takardar ba ta ce akwai gaba a tsakaninsu ba. Mai karatu, in aka ba ka jiran murjani, ka ce kai ma tafiya ta kama ka.