Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Yunifom

Ranki ya daɗe, Hajiya Yunifom, uwar ɗakin 'yan makaranta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin wayi gari lafiya a kan igiyar shanya. Ya gajiyar mako? Ya fama da ƙura da tawadar biro? Na san ba a saba rubuta miki takarda ba, ke da ko hedimasta ba ya ɗaga miki murya. Daga Haɗeja nake rubuto miki, a madadin kaina da sauran iyayen da 'ya'yansu ke dawowa gida suna susa kamar waɗanda suka kwana a masussukar gero.

Ba zan ci amanarki ba, kina da alheri. Ke ce kika sa ɗan attajiri da ɗan masunci suka zauna benci ɗaya ba a gane na wane. Ba kya yamutsewa, ba kya neman dutsen guga, abin da ya dace da garin da wuta ke zuwa gaisuwa ta koma. A wanke ki da magariba, kafin asuba kin bushe. Wa ya sa ki, ƙane ya gada, har ki kai ga ɗan auta launinki bai gama koɗewa ba. Wannan duka mun shaida.

To amma Hajiya, na binciki asalinki, kuma ki yi haƙuri zan faɗa a bainar jama'a. Mu da muke zaton 'yar gidan auduga ce ke, ashe jikar man fetur ce. Yadin foliyesta da aka ɗinka ki da shi, da gorar roba ta lemon kwalba da yara ke tsinta a tasha, uwa ɗaya uba ɗaya kuke. A Ingila aka fara haɗa zarenki a 1941, ƙasar da rana ke fitowa da kunya. Kakanninmu sun tsaya wa Turawa a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada a garin nan, sai ga shi kayan Turawan sun dawo ta shagon tela sun kama jikokinsu a wuya, ba bindiga ba igwa.

Wuyan kuwa da gaske nake. Ki zo ki ga 'yata idan an tashi makaranta a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Uwarta ta ɗaga hijabi, ta juya kwalar riga, sai ga ƙananan ƙuraje birjik sun bi layin ɗinki tiryan-tiryan, daga ƙeya zuwa kafaɗa. A ƙugu, inda robar wando ta zauna, an yi zobe. Hammata kam ba a magana. Yarinyar tana tsaye tana karkata kafaɗa tana goga baya a jikin ƙyaure, tana cewa, "Baba, rigar ce ke cizona." Ma'aikacin lafiyar da muka je wurinsa bai sha wahalar bayani ba: zarenki ba ya shan gumi, idan kuma an yi miki saƙa mai matsi iska ba ta ratsa ki. Gumi ya kwanta a fata, ƙofofinsa su toshe, ƙurajen zafi su ɓarke. Ya ƙara da cewa wasu yaran rinin da ke jikinki ne ba sa shiri da shi, wasu kuma maganin da masaƙa ke sa wa sabon yadi don ya tsaya ƙyam a kanti.

Kada ki ce bazara kaɗai ce. Mu mutanen fadama ne. Da damina ta sauka, kogi ya cika ya bazu ta Auyo, Kirikasamma da Guri har ya nufi Nguru, iskar kanta jiƙe take, gumi ba ya bushewa ko a inuwa. Yaron da ya ratsa gonar shinkafa ya iso aji, rigarsa manne take da baya har a tashi. Da hunturu kuma fata ta bushe ta yi fari, ke ki riƙa gogarta kina tartsatsi in an cire ki da dare. Wato ba ki da hutun zango a shekara.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wanda ake ɗora wa laifin. Yaro ya yi susa a aji, a ce ba ya natsuwa, a miƙa masa bulala. Ya zo gida, maƙwabciya ta leƙo ta ce uwarsa ba ta yi masa wanka. Kaka ta ce shawara ce, a jiƙo sassaƙe. A kemis a ba da man shafawa mai haɗi uku, ya lafa kwana kaɗan ya dawo, alhali yawan shafa irinsa na sa fatar yaro ta yi sirara. Kowa ya sha tuhuma, ke kuwa kina rataye a ƙusa ko gezau.

Domin adalci, akwai laifin da ba naki ba. Ƙaiƙayin da ke tsananta cikin dare, ya kama tsakanin yatsu, ya bi 'yan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, wannan ƙazuwa ce. Wanda ya yi da'ira a kai yana cin gashi, makero ne. Waɗannan na asibiti ne, na wanke ki daga gare su. Haka ma ƙurajen da suka yi ruwa ko suka zo da zazzaɓi, ba na zaman gida ba ne.

Na kuma san yadda kika samu sarautar. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, Kano ma ta yi nata zamanin, audugar Funtuwa da Gusau na shiga tana fitowa yadi. Masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, bandir-bandir na waje suka cika Kantin Kwari, daga can motoci ke sauke ki a kasuwarmu. Uba mai 'ya'ya biyar a makaranta, in mai yadi ya ce masa "wannan ya fi araha, kuma ba ya mutuwa", me kike so ya ce? Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ashe susa take sawa.

Ga matakin da muka ɗauka a gidana, gara ki ji daga bakina. Sabuwa ba za ta hau jiki ba sai an wanke ta an ɗauraye sosai, kumfar omo ta fita tas. An yanke tambarin da ke ƙeya. An sa singiletin auduga tsakaninki da fata, 'yan mata kuma shimi. Tela ya saki hammata, ya cire roba ya sa mazagi. Da an dawo gida a tuɓe ki nan take, a watsa ruwa, a shafa kalamin inda ya yi ƙuraje, man kaɗanya kuma sai hunturu. An yanke farce. Susa ta ragu ƙwarai, duk da yanzu yaran riga biyu suke sawa a garin da ɗaya ma nauyi ce.

Saura roƙo, kuma ta bakinki nake so ya isa ofishin hedimasta da taron iyaye da malamai. Launi makaranta ke so, ba roba ba. A bar duk uban da ya samu yadin auduga, ko wanda audugarsa ta fi yawa, mai launi iri ɗaya, ya ɗinka wa ɗansa ba tare da an kore shi a bakin ƙofa ba. Makarantun da ke sayar da ke da kansu su taɓa yadin da hannu kafin su saro. Malamai kuma, in kun ga yaro na susa, ku duba wuyansa kafin ku ɗauki bulala.

Naki da girmamawa,
Wani uba daga bakin kogi, Haɗeja.