Turbo a Kan Tsohuwar A-kori-kura

Tun da aka kammala Madatsar Ruwa ta Goronyo a kan Kogin Rima a 1984, albasa da tafarnuwa da shinkafar fadamun Wurno da Goronyo ba su daina neman hanyar Sakkwato ba. Mai kai su kuwa ita ce tsohuwar Hilux mai shan dizal, wadda ba ta san gaggawa ba. Injinta mai lita 2.8 ƙarfinsa bai wuce na doki 90 ba, kuma da alama rabin dawakan sun yi ritaya.

To, sai ga masu shawarar a ɗaura mata turbo. Dabarar ba tsafi ba ce. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya farfela, farfelar ta tura ƙarin iska cikin inji, bakanike ya ɗan buɗe famfon mai, sai mota ta farka. Abin da ba a faɗa wa maigida shi ne, injin da ba a ƙera don turbo ba zafi yake ɗauka: gaskit ya ƙone, fistin ya tsage, lagireto ya tafasa kamar tukunyar mai shayi.

A ce ma injin ya jure. Buhunan albasa sun kai rufi, yaran mota uku na zaune a kansu, burki sai an taka sau biyu, ga rami, ga garken shanu kafin Achida. Ina za a yi gudun?

Alhaji, kuɗin turbo a sa su a taya da burki. Albasa ba ta ruɓewa don an makara da rabin awa.